Dodon Bayan Dutse

Warin ne ya tare su tun kafin su ga komai. Tsohuwa Ivalu ta tsaya cak da bokiti a hannu, ta toshe hanci da bakin hannun rigarta. Ita da jikarta Naja sun hauro bayan dutse ne neman 'ya'yan itacen bara, waɗanda kan kwana ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk tsawon hunturu, sai ta narke su fito da zaƙinsu. Ko cikin tafi ba su kai ga tsinta ba.

A cikin kwazazzabon, inda ƙanƙara ta janye, gawarwakin puisi ne, dabbar tekun nan mai kitse da suke farauta, jibge wani kan wani. An feɗe fatunsu, an bar sauran. Kitsen nan da ake rububi a kai a kowane gida ya narke ya zama rawaya, yana tsiyaya a kan duwatsu. Ƙudaje sun yi baƙi ƙirin a kai, hankaki kuwa sun ƙoshi har sun kasa tashi. Naman da ke wurin ya isa ya ciyar da ƙauyen da karnukansa har hunturu ya kewayo. Ivalu ta juya ta tofar da yawu.

"Uwata, zo mu tafi," in ji ta. Haka take kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarta aka sa mata.

Naja ba ta zo ba. Ta riga ta gangara, ta kwance gorar ruwan da ke wuyanta. Tun tana goye take jin tatsuniyoyin kakarta, ta san puisi yana rayuwa cikin ruwan gishiri da ƙishirwa, kuma maharbin kirki in ya kashe shi sai ya ɗiga masa ruwan daɗi a baki, don kurwarsa ta koma teku ta gaya wa 'yan'uwanta cewa gidan nan sun san baƙo. Yarinyar ta durƙusa gaban wani kai da idanunsa suka zurma, ta zuba masa ruwa tsakanin haƙora. Tsutsotsi suka biyo ruwan suka zubo waje.

"Kaka, ba a ba su ruwa ba. Wa ya yi musu haka?"

Ivalu ta riga ta sani. Igiyar da ke ɗaure a wuyan na sama koriya ce mai ratsin fari, da hannunta ta tufka ta. Ga yankan bahago, karkatacce, na wanda bai taɓa yarda ya zauna ya koya ba. Sai ta tuna fatun da ɗanta Kunuk ya yi ta ɓoyewa a rumfar jirgi da hunturu, lokacin da mai sayen fata ya zo, bai kawo mata ko ɗaya ta kankare ba.

"Ban sani ba tukuna," ta ce, ta yanki guntun igiyar, ta finciko hannun yarinyar.

Ta same shi a bakin ruwa yana goge injin jirginsa, yana fito. Ta aiki Naja gida ta wanke hannu, sannan ta jefa masa guntun igiyar a ƙafa.

"Kai Kunuk, tir da halinka. Tir!"

Ya kalli igiyar, ya ci gaba da goge-gogensa. "Inna, fata aka ce ana so. Naman in kai shi ina? Da na raba, da gari ya gane cewa na kashe fiye da ƙa'ida."

"Gwauruwar da ke bayan coci ta yi hunturu tana tafasa ƙashi sau biyu. Karnukan maƙwabcinka sun ci igiyar fatar da ake ɗaure su da ita don yunwa. Kai kuwa kana ciyar da tsutsa! Ubanka ko hanji bai taɓa yarwa ba."

"Zamanin Baba daban, namu daban."

"Wari dai ɗaya ne. 'Yarka ta gani. Da hannunta ta ba su ruwa."

Nan ne tsumman ya tsaya a hannunsa. Uwar Naja ta shiga jirgin birni tun yarinyar na rarrafe, ba ta sake waiwayo ba, saboda haka duniyar Naja kaf ubanta ne. In tatsuniya ta zo kan gwarzon maharbi, sai ta katse ta ce, "Kamar Baba ko?" Kunuk ya san da haka, ya kuma san inda zai taɓa uwarsa.

"To ki ce mata dodo ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ba ga su nan cike da bakinki ba? Na ƙarƙashin ƙanƙara, na cikin hazo, mai jan yara ta tsagar ƙanƙara. Ƙara ɗaya mana. Me zai ragu?"

Ivalu ta kalle shi, ƙyamar da ta ji a kwazazzabo ta dawo mata sabuwa, har ta fi ta ɗazu. Dodannin nan kowanne da aikinsa. Mai jan yara ta tsaga ita ta hana Kunuk kansa taka ruɓaɓɓiyar ƙanƙara yana ƙarami, shi ya sa yake tsaye a nan da ransa yana mata rashin kunya. Ba a taɓa ƙirƙiro ɗaya don a rufa wa ƙaton banza asiri ba. Yau yana so ta mai da su tsumman goge ƙazantarsa.

"In kin gaya mata gaskiya, ba ni kaɗai za ki kashe ba," ya ƙara. Abin haushin shi ne, a nan bai yi ƙarya ba.

Da yamma ta dafa miya, ba ta iya kai cokali baki ba. Rana na nan rataye a kan teku, ba ta da niyyar faɗuwa, kamar yadda take yi a ƙasarsu in hunturu ya wuce. Naja ta ture kwanonta ta hau cinyar kakarta, gashinta har yanzu da ɗan warin wurin.

"Kaka, kin gano wanda ya yi?"

Kunuk na bakin taga, ya ba su baya, amma kunnensa na nan. Ivalu ta dubi fuskar yarinyar, ga goshin mahaifiyar ita Ivalu sak. Ta buɗe baki da niyyar faɗin suna. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in ji masu iya magana, amma ba don ruɓaɓɓen hannun ta fasa ba, don ɗan yatsan da ke jikinsa ne.

"A bayan dutsen can," ta fara, "akwai wani dodo tsirara, ba shi da fata ko kaɗan. Sanyi na cin sa kullum. Shi ke satar puisi ya tuɓe musu riga ya yafa, ya watsar da naman, don ba shi da hanci, ba ya jin wari, ba shi kuma da kunya."

"Ba ya ba su ruwa?"

"Ko ɗigo. Ko uwar da ta haife shi bai san darajarta ba."

Ta yi ta zuba masa duk zagin da ke cikinta, tana ɗaga murya don na bakin taga ya ji. Ta ba dodon hannun hagu. Ta ba shi fito. Ta yi fatan yarinyar ta gane, ta kuma yi fatan kada ta gane. Naja ta saurara ido waje, da aka gama ta diro da gudu ta rungume ƙafar ubanta.

"Baba, za ka harbe shi ko?"

"Zan harbe shi, 'yar Baba," in ji Kunuk, har da shafa mata kai. Ko kunnensa bai yi ja ba. Ivalu ta tashi ta fita bayan ɗaki ta amayar da ruwan da ta sha.

Ta yi zaton magana ta mutu a nan. Kashegari tana shanya kifi a kan katako sai ta jiyo muryar Naja ta bayan rumfa. Ta leƙa. Yaran unguwa ne zaune a kan jirgin da aka kife, jikarta a tsakiya, ta harɗe ƙafa yadda ita Ivalu ke yi, tana ba su labarin dodo marar fata. Wata babba a cikinsu ta taɓe baki.

"Ƙarya ne, ni ban taɓa jin wannan ba."

"Tsohuwar tatsuniya ce," in ji Naja da fushi. "Kakata ta ji ta daga uwarta, ita ma daga uwarta. Kakata ba ta ƙarya. Kaka! Zo ki gaya musu!"

Yaran duk suka juyo suna kallonta, suna jira. Ivalu ta tsaya da kifi a hannu, ƙudaje na sauka a kansa, ba ta kore su ba.

"Haka ne," ta ce.