Ɗakin da Semisi Ba Ya Shiga

Ran Lahadi, da aka tashi daga coci, matasan unguwa suka sake tara mutane a zauren baya. A shekarar ana ta farautar baƙi 'yan tsibirai irin su Tonga a birnin Auckland, duk wanda izinin zamansa ya ƙare sai a tasa ƙeyarsa zuwa jirgi. Hinewai, wata 'yar ƙabilar Maori, 'yan asalin ƙasar, mai karatun lauya, ita ke koyarwa: da an ji ana buga tukunya, alamar jami'ai sun iso, kowa ya shige ɗaki ya danna sakata. Ba takardar alƙali, ba buɗewa. In a waje aka ritsa ka, sunanka kawai za ka faɗa.

Lesieli, wata 'yar Tonga, ta haddace tsaf, amma hankalinta bai kwanta ba. Ita takardunta lafiya lau. Ƙanenta Semisi ne izininsa ya ƙare tun bara, kuma da aikinsa na mayanka yake ciyar da mata da yara a Tonga. Ɗaki ɗaya take haya, gadonta a ciki. Shi a rumfar mota yake kwana, wadda ko ƙyaure ba ta da shi. Wane ɗan Tonga ne zai taka inda 'yar'uwarsa ke kwana? Ko kwano zai mayar, daga bakin ƙofa yake miƙowa, ido a ƙasa. Hinewai ta san doka, amma wannan ba ya cikin karatunta.

Ran Talata da yamma aka fara buga tukunya daga gidan da ke kan kwanar layi. Semisi yana tsakar gida yana fere doya. Lesieli ta wangale ƙofa.

"Shigo."

"Yaya, in shigo ina?"

"Yau za ka tsaya yi mini kunya? Kunyar ce za ta ciyar maka da yara?"

"Da wane ido zan dubi Inna?"

"Inna tana kabari, ba ta dubanka. Shigo na ce."

Ya tsaya ƙiƙam, wuƙa a hannu, ƙato da shi. Haushi da tausayi suka haɗe mata. Ta fito ba takalmi.

"To na bar maka. Daga yanzu ba ɗakina ba ne."

Maganar 'yar'uwa ba a tsallake ta. Ya ajiye wuƙar ya shiga kamar mai taka garwashi, ta ji ya danna sakata.

Jami'ai biyu ne suka shigo. Suka tambayi sunanta, ta faɗa. Wa ke ciki? Ta yi gum. Suka ce ta buɗe.

"Ina takardar alƙali?" in ji ta.

Babban ya dubi agogo, da alama ya haƙura. Ƙaramin ne zuciya ta ɗiba. Ya daka mata tsawa, ya kira ta kwakwa, zagin da ake yi wa 'yan tsibirai, ya damƙi hannunta ya fizge ta daga jikin ƙofar.

Ba zafin ne ya dame ta ba. Ƙyauren falanki ne siriri, komai ana ji, kuma ita ta goyi Semisi, ta san abin da ba zai iya saurara yana zaune ba. Tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗaga murya da harshen Tonga, kamar da iska take magana.

"Ba abin da suke yi mini. Zauna inda kake. Ni ce na ce."

Babban har ya juya zai fita.

Sai ta ji ana zare sakatar a bayanta.