Shafin Baba Mai Lambu

Teburin Auta yana can ƙuryar shagon Yayanta, tsakanin injin fotokofi da bangon da fentinsa ya fara ɓarewa. Duk lokacin da injin ya ɗauki zafi sai ya huro mata iska mai ɗumi a wuya, ita kuwa ta gaji da matsawa har ta saba. A nan take tsara wa mutane shafukan intanet, a nan kuma take ciniki, wanda ya fi aikin kansa cin rai.

Yaya ya riga ta shiga sana'ar, kafin hasken kwamfuta ya gajiyar da idonsa ya koma buga takardu. Shi ya kafa mata doka.

"In kin gama aiki da wuri, ki ja bakinki ki yi shiru," in ji shi. "Mutane wahalarki suke saye. Suka ga ba ki yi gumi ba, sai su ce kin cuce su."

Saboda haka duk wanda ta yanka wa farashi, sai ta ce masa aikin wata guda ne. Ta gama cikin 'yan kwanaki, ta ajiye, ta jira watan ya cika.

Haka ta yi wa Baba mai lambu, wani dattijo da ke sayar da dashen furanni da itatuwa a bakin titi. Ranar da ya zo da hotunan tukwanensa a waya, rabinsu da yatsansa a gefe, ta faɗi kuɗi ya dafe ƙirji. Da ta ce wata guda za ta yi a kai, sai ya sauke hannu.

"Wata guda cur? Ai kin yi mini araha, 'yata."

Ya ba da kafin alƙalami ya tafi. Mako bai cika ba ta kammala. Shafin ya yi kyau, kore shar, kowane dashe da sunansa da kuɗinsa, yana kwance cikin kwamfutarta ba wanda ya gani.

Wata safiya sai ga Baba ya yi sallama, takalminsa duk laka. Ya ƙi zama don kada ya ɓata musu kujera. Ya ce wani sabon otal ne ke neman wanda zai shuka masa harabarsa, kuma matar da ke kula da aikin ta ce kowa ya turo shafinsa ta duba kafin ƙarshen mako. Sauran masu lambu sun tura nasu.

"Ba matsa miki na zo yi ba," ya ce. "Ni mai dashe ne, na san ba a jan ganye don ya yi tsawo. Na dai ce ko akwai ɗan abin da za a nuna mata. In babu, Allah ya kawo wani rabon."

Auta ta dubi kwamfutarta. Shafin yana buɗe a gabanta, ɗan juya kwamfutar kawai za ta yi. Yaya ya yi tari daga bayan injin.

"Zan duba, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Yana fita Yaya ya zagayo. "Kar ki soma. Kika ba shi yau, gobe ya dawo neman ragi."

"In ya rasa aikin otal ɗin fa, Yaya?"

"Ke kika gina otal ɗin? To, tunda tausayi ya kama ki, ba shi rabin shafin. Ki ce ido biyu kika kwana kafin ki haɗa wannan."

Ta ɗauki shawarar. Ta fara ɓoye shafin itatuwa, sai maɓallin da ke kaiwa can ya tsaya ba inda yake zuwa. Ta cire maɓallin, jerin maɓallan da ke sama ya karkace. Ta gyara jerin, hotuna suka hau kan juna. Har azahar tana fama, kafaɗarta ta ƙage, tana ɓata aikin da ta yi da hannunta, kuma ɓatawar ta fi ginawar wuya. Can ta tsaya ta dubi abin da ya rage. Ko ita ce matar otal, ba za ta ba mai wannan shafin aikin share tsakar gida ba.

Ta mayar da komai yadda yake, ta ɗora shafin gaba ɗaya a intanet, ta tura wa Baba adireshin. Sannan ta kifa kai a tebur.

"Kin tura?" Yaya ya tambaya.

"Na tura."

"Duka?"

Ta gyaɗa kai.

"Allah ya ba da lada, uwar marayu," ya ce, ya koma wajen takardunsa.

Kwanakin da suka biyo baya, duk sallamar da aka yi a ƙofa sai gabanta ya faɗi. Ta shirya amsoshi iri-iri na ranar da Baba zai zo ya ce a rage, ta yi ta maimaita su a zuci har suka gundure ta.

Da ya zo kuwa, da sabuwar hula ya zo. Ya samu aikin. Ya cika mata kuɗinta bai ce uffan a kan ragi ba, ya yi ta sa mata albarka har ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ta saci kallon Yaya don ya ga dokarsa ta faɗi.

Sai Baba ya leƙa waje ya yafito wani. Wani mutum mai tumbi ya shigo yana share gumi.

"Aminina ne, tayil na daɓen ɗaki yake sayarwa," in ji Baba. "Ga ta nan, yarinyar da nake ba ka labari. Da safe na yi mata kuka, kafin la'asar ta gama aikin wata guda. Duk layinmu na gaya musu!"

Mai tayil ya ja kujera ya zauna, kujerar ta yi ƙara. "Madalla. Irin nasa nake so, 'yan mata. Tunda aikin yini ɗaya ne, nawa kike karɓa a yini?"

Injin fotokofi ya tsaya. Auta ta san Yaya dariya yake dannewa, ba sai ta waiwaya ba.

Ta faɗi farashin da ta yi wa Baba, ba ta ambaci wata ba, ba ta ambaci yini ba.

"Kai!" Mai tayil ya dubi amininsa. "Likita ce? A yini ɗaya?"

"Ba yinin nake sayarwa ba, Alhaji, shafin nake sayarwa."

"To shafin ai yini ya ci."

Auta ta murza idanunta da bayan hannu. Ta jawo kwamfutar, ta juya ta wajensa, ta buɗe shafin Baba daga farko.

"Matso kusa, Alhaji," ta ce. "Bari in nuna maka abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ka dai yi haƙuri, za mu daɗe."