Maɓallin Gefen Dama

Shekara ashirin da shida ina koyar da piyano a falon gidana, kuma ban taɓa barin wani ya yi mini gardama a kan abin da kunnena ya ji ba. Da kunnen nan nake ci, da shi nake taƙama. Ɗalibaina akwai yara 'yan makaranta, akwai manya, har da wani likitan haƙori mai yatsu kamar taɓarya, da wata mai shagon ɗinki da ta fara koyo bayan ta aurar da autarta. Duk wanda ya hau bencin piyanon nan ɗalibi ne, in ya yi kuskure sai ya sha faɗa, ko da furfura a kansa.

Cikin yaran akwai wata 'yar shekara tara da nake ce wa Shiru-shiru, don sai ka yi da gaske kake jin muryarta. Na ba ta wani ɗan kiɗa da ke ƙarewa da maɓalli guda can gefen dama, mai siririn sauti. Kullum ta zo ƙarshe sai in ji kiɗan ya yanke. Na ce ta tsallake na ƙarshe, ta ce ta taɓa. Na ce ta sake, ta sake, shiru. Sati uku muna wannan. Na kira ta malalaciya, na ce ban da lalaci ga ƙarya, har ta yi kuka a kan littafinta.

A sati na huɗu na tsaya a kanta na zuba wa yatsanta ido. Ta danna, na ga maɓallin ya nutse, ban ji komai ba. Sai na ce ashe maɓallin ne ya mutu. Ban ba ta haƙuri ba, girman kai rawanin tsiya. Na dai aika a kira mai gyaran piyano.

Ya zo ranar Alhamis, daidai lokacin darasinta. Dattijo ne, ya fi shekara goma sha biyar yana duba mini piyanon nan. Yarinyar ta koma kujera da jakarta a cinya, shi kuma ya buɗe saman, ya haska ciki da tocila, ya duba wayoyin da 'yan gudumomin da ke bugunsu. Ya danna maɓallin sau uku, ya juyo.

"Malama, ai lafiyarsa ƙalau. Ga shi yana ƙara."

Na ce ya sake. Ya danna shi, ya bi huɗun da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ina kallon gudumomin suna tashi suna bugun waya suna komawa. Ko ɗaya ban ji ba.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na shiga tambayar kaina wata nawa ke nan ina gyara wa mutane abin da yake daidai, da mutum nawa suka gane suka yi shiru saboda sun san bakina. Wa zai kawo ɗansa wurin malamar kiɗa da ba ta ji?

Dattijon bai lura da halin da nake ciki ba. Yana son shaida, sai ya juya wurin yarinyar.

"Ke 'yata, kin ji ai, ko?"

Ta dube shi, ta dube ni, ta matse jakarta.

"Ni ma ban ji ba, Baba."

Da ta faɗi gaskiya da ya fi mini sauƙi. Tausayina ta ji, ni da na sa ta kuka, kuma kunya ta rufe ni har na kasa kallonta. Dattijon ya daɗe yana dubana, sannan ya rufe saman piyanon a hankali, ya ɗauki jakarsa ya yi sallama.

Na ce wa yarinyar yau babu darasi. Na yagi takarda na rubuta sunan wata malamar piyano da lambar wayarta, na ce ta kai wa mamanta.