Furar da Kwamiti Ya Sha a Tungar Yari

Shekara biyu a jere ruwa na ɗaukewa gero na shirin fid da kai. A Tungar Yari, can bayan Gangara, rumbuna sun zama gidan gara. Abin da ya rage wa Lawwali dami ɗaya ne na iri, rataye a ɗaka. 'Ya'yansa na kwana da dafaffen ganye suna kallon damin nan, bai taɓa shi ba, don shi ne shukar baɗi.

Sai aka ce kansila Wada, wanda mutanen garin suka sha rana a layi suka zaɓa, zai kawo kwamitin agaji su ga inda fari ya fi ci, a raba hatsi da iri.

Mai unguwa Yero ya tara maza. "Baƙin gwamnati za su zo garinga, su koma da ƙishi? A yi da mu a kasuwar Sabon Birni? Kowa shi kawo abin da ya rage mai."

"Kawu, yunwa fa za su zo gani," in ji Lawwali. "Mu bar su su gan ta mana."

"Kai yaro! Asirinmu za ka tona gaban baƙi? Ubanka bai taɓa kunyata garinga ba."

Da aka ambaci ubansa, Lawwali ya tashi ya nufi gida. Shi da kansa ya sauko da damin. Matarsa Saude ta sussuke ta daka, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar zuwan baƙi, wallahi sai ka ce Sallah. An ari riguna, an yanka akuyar da ta rage, an karɓo nono wurin Fulani aka dama fura mai kauri. Yaran da cikinsu ya kumbura kuwa aka tura su ɗaka aka ja asabari. Don Allah ku ji wauta, likita ya zo har gida an ɓoye masa ƙurji!

Shugaban kwamitin, wani dattijo Halliru, ya sha ya goge baki. "Jama'a, yaya kuka ji da farin nan? Abin da ya kawo mu ke nan."

Wada ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. "Ku yi magana. Ku kuka aike ni, ku faɗi da bakinku."

"Alhamdu lillahi, da sauƙi," in ji Yero.

"Da sauƙi," in ji gari.

Lawwali ya miƙe. Aka yi tsit. Ya dubi ƙwaryar fura, ya dubi Yero, ya dubi tsaran ubansa da suka ƙura masa ido. Sai ya ji bakinsa na cewa, "Allah shi saka da alheri, mun gode da ziyara." Ya zauna.

Da motar hatsi ta taso, ta gefen Tunga ta wuce ko tsayawa ba ta yi ba. Wani ƙauye ta nufa, inda mata suka kife tukwane a gaban kwamiti, suka miƙa musu jarirai su ji nauyinsu.

Lawwali ya taka har Sabon Birni da ƙafa, ya tare Wada bakin tasha a fusace. "Wannan ne amfanin ƙuri'armu? Ka ci amanarmu, Wada! Ɗiyana mi za su ci? Mi za ni shuka?"

Wada ma ya harzuƙa. "Na rantse musu da Allah kuna cikin bala'i. Suka ce wane, garin da muka sha furar gero muka ci nama? Ni kaɗai za ni ƙaryata gari guda? Ka miƙe rannan, Lawwali, kowa ya saurara maka. Mi ka ce?"

Lawwali ya juya ya kama hanyar gida.

Da damina ta kewayo, ruwa ya sauka irin wanda aka yi shekara da shekaru ana roƙo. Ƙasa ta jiƙa har gwiwar hannu. Da safe Saude ta ɗauko sungumi da ƙwaryar shuka, ta ajiye su a gabansa, ƙwaryar wayam.

"Tashi," ta ce. "Je ka gaya wa gonar da sauƙi."