Guɗar da Ta Tsinke a Ƙofar Gida

A duk Kore Mairuwa babu mai jan guɗa kamar Lantana. In ta kama hanci ta rangaɗa, har masu daka sukan tsai da taɓarya su jira ta dire. Shi ya sa ranar da ɗiyarta Zulaiha za ta dawo daga Yamai da takardar gama karatun jinya, ta rantse ba macen da za ta riga ta buɗe baki.

Sai dai kwanaki ke nan tana fama. Da mura abin ya fara, ya koma busasshen tari mai tsaga ƙirji, ga zazzaɓi, ga rawar sanyi da rana tsaka. Ta sha ƙwayoyin mai talla har ta gaji, shuka dusa kawai. Ta kuma ja wa ƙanwarta Altine kunne kada kowa ya ji.

Motar hayar da ta kawo Zulaiha ta tsaya, mata sun cika ƙofar gida. Lantana ta gyara kallabi, ta ɗauko guɗa. Ba ta kai rabi ba ta tsinke. Tari ya turnuƙe ta, ta dafa bango tana numfashi sama-sama.

Zulaiha ta yar da jaka. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ta taɓa goshin uwar, ta dubi leɓɓanta da suka yi duhu, ta kara kunne a bayanta.

"Inna, tun yaushe kike hakanga?"

"Mura ce ɗai. Shiga, tuwo na hucewa."

"Wagga ba mura ba ce. Ciwon ya sauka huhu, kuma irinai ba ya jin ƙwayar mai talla. Asibitin Dogon Dutsi za mu tahi yanzu."

"Gaban baƙi? Ni?"

"Inna Altine, kar ki bari motar nan ta tashi."

Lantana ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga duk matan unguwa sun yi tsit suna bin umarnin yarinyar da ta goya. Wani daɗi ya rufe ta, ya danne kunyar. Ta shiga mota.

A asibitin Dogon Dutsi, bayan an sa mata robar iska a hanci, matar gadon kusa ta tambaye ta wace ce wannan mai kai da komowa a kanta. Lantana ta daɗe tana tara numfashi.

"Ɗiyata ce. Yau ta dawo daga lakwal, makarantar jinya." Ta huta, ta ɗaga haɓa. "Kuma ni ta fara kwantarwa."