Shaidar Mma Lariba

Mutari direban tifa ne, kuma lasin ɗinsa ya mutu. Da ya je sabuntawa aka ce sai da katin ɗan ƙasa. Da ya je neman katin, ma'aikacin ya ji Hausarsa irin ta Nijar, ya ɗago ido ya ce sai ya kawo shaidar cewa a Tamale ya yi yarintarsa, kuma uwarsa 'yar Gana ce. Mai tifar kuwa ya riga ya faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, in wata ya ƙare babu lasin, makulli zai koma hannun wani. Da tifar nan Mutari yake ciyar da mata da 'ya'ya.

Abin haushin shi ne a Moshi Zongo, cikin garin Tamale, aka binne cibiyarsa. Kakarsa ta wajen uba, wadda kowa ke kira Hajiya, ita ta ɗauke shi tun ranar yaye, a cikin gida ɗaya da uwarsa. Da ubansa ya rasu, lokacin Mutari yana neman shekara goma sha biyu, ta tattara kayanta ta koma Ƙonni, can Nijar, da shi. Can bakinsa ya juye. Sai da gemu ya fito masa ya dawo gida.

Ya nemi takarda har takalminsa ya cinye. Katin awonsa na jarirai ruwa ya tafi da shi shekarar da aka yi ambaliya. A firamaren da ya yi, hedimasta ya jawo masa kwalin tsofaffin rajista, suka buɗe suka tarar gara ta riga su karantawa. Malaminsa na allo ya daɗe a ƙasa. Imoru, abokinsa da suke satar mangwaro tare suna yara, ya ce zai rantse da Alƙur'ani a ko'ina, amma shi ma ɗin ba shi da kati, to wa zai saurari rantsuwarsa?

Saura mutum ɗaya, Mma Lariba, wadda ta haife shi. Ita tana da katinta, ubanta tsohon soja ne haifaffen Tamale. A ofis an ce in ta zo da kanta ta shaida, magana ta ƙare.

Sai dai Mutari ɗan fari ne, Mma Lariba kuwa irin matan zamanin da ne masu kunyar ɗan fari har ta wuce misali. Tunda ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan", ko "ɗan Hajiya". Ba ta haɗa ido da shi, ba ta ba shi abu hannu da hannu. Shi ma da "Yaya" ya tashi yana kiranta, haka aka koya masa. Matan unguwa suna yi wa 'ya'yansu misali da ita, ita kuma tana jin daɗin hakan fiye da tuwo da nama. Ƙaninsa Abdul-Latif kuwa, sunansa har ya gaji da bakinta.

Ana gobe za su je, bayan la'asar, Mutari ya durƙusa a ƙofar ɗakinta ya yi bayani dalla-dalla. Ya ce kalma ɗaya ce kawai, a ofis ne, babu wanda zai ji. Ta juya fuska wajen bango, ta yi magana da matarsa Zuhuratu da ke tsintar shinkafa a tsakar gida.

"Ki ce wa wancan na ji."

Shi kuma, bawan Allah, ya ɗauka ta yarda.

Da safe ya ɗauko mata adaidaita. Ta sha farin mayafi, ta ɗaure katinta a bakin zane. A benci wajen ofis suka tarar da Awawu mai kokon layinsu da wasu mata biyu na Zongo suna jiran layi, aka gaisa har da tambayar jikoki. Da aka kira su ciki, ƙofar ta zauna a buɗe saboda zafi. Mutari ya lura da hakan, ya san su Awawu za su ji komai.

Ma'aikacin mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce, kuma ya ga shaidun haya iri-iri har ya daina yarda da furfura. Ya duba katinta, ya nuna Mutari da biro.

"Mma, wannan mutum, yaro naka ne?"

Ta dubi ƙasa. Ta gyara mayafi. A waje hirar su Awawu ta tsaya cak.

"Yaya, don Allah," in ji Mutari a hankali.

Ma'aikacin ya juyo. "Yaya? Ka ce mama naka ne za ka kawo."

"Ita ce, ranka ya daɗe. Al'ada ce, mu a wajenmu..."

"Kai yi shiru. Mma, faɗa suna nashi."

Ta hau murza bakin zanenta.

"Ba ka san suna nashi ba? To yaro na wa ne?"

"Ɗan Hajiya ne," ta ce, da murya ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji.

"Hajiya yana ina?"

"Ta rasu a Ƙonni. Can Nijar."

"Kai kana da yara?"

Nan fa fuskarta ta saki. "Akwai Abdul-Latif, yana Gurugu yana walda. Akwai Zakiya, akwai Basiratu." Ta jero su tiryan-tiryan har da inda kowace take aure, ta tsallake na farkon kamar yadda ta saba tsallake shi shekara arba'in da wani abu.

Mutari ya zube gwiwa biyu a kan siminti, ƙato da shi, mai 'ya'ya har sun kai sakandare. Ya kama gefen kujerarta, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Mma." Karon farko ke nan a rayuwarsa da ya kira ta uwa. "Mma, abincin yarana ne. Ki ce ke kika haife ni. Shi ke nan."

Ta janye zanenta daga kusa da hannunsa, ta dubi taga.

Ma'aikacin ya yi rubutu mai tsawo. Ya ce don tsufanta ne ba zai kira 'yan sanda ba, amma ya rubuta cewa an kawo shaidar ƙarya kuma ita shaidar ta musanta da bakinta. Ya ce Mutari ya je tagar baƙi ya yanki irin katin da ake ba 'yan wata ƙasa, kuma kar ya sake ganinsa da wata tsohuwa.

Suka kamo hanyar gida a adaidaita. Mutari yana ta lissafin yadda zai dubi mai tifa, yana kuma yi mata uzuri a ransa, don har lokacin bai iya jin haushinta ba. Ya ce ƙila tsoron ofis ne, ƙila ba ta gane girman abin ba, ƙila yanzu cikinta yana ƙuna.

Labari ya riga su isa gida. Kafin magariba tsakar gidan ta cika da tsofaffin mata, Awawu ce a gaba. Mutari yana zaune a zaure da makullin tifa a hannu, yana jin komai.

"Wallahi irinku sun ƙare, Lariba! Yana kuka yana roƙo, amma ko gezau!"

Ya kasa kunne ya ji abin da za ta ce. Sai ya ji dariyarta, wata dariya mai daɗi da bai taɓa sanin tana da ita ba.

"Haba Awawu, da girmana? A gaban ɗan kudu, kuna ji, in buɗe baki in ce ni na haifi wancan? Ai da na gama da mutuncina a Zongo."

Aka yi shewa, wata ta ce Allah ya ƙara kunya. Can ta ɗaga murya wajen madafa.

"Zuhuratu! Ki ce wa ɗan Hajiya, tunda gobe ba shi da aiki, ya zo ya gyara min rufin ɗaki."