Ƙararrawar da Arvo Ya Dawo da Ita daga Yaƙi

Tun Maxine Koskela tana yarinya take jin labarin ƙararrawar nan. Mahaifinta Arvo sojan ruwa ne, jirginsu ya tsaya a Japan bayan an gama yaƙi, ya dawo garinsu Duluth da wata ƙararrawar tagulla da tsayinta bai kai kamu ɗaya ba, jikinta duk rubutun da babu mai iya karantawa a gidan. Kowace Kirsimeti, in giya ta ɗan hau masa kai, sai ya sauko da ita daga kan kanta, ya ba baƙi labarin yadda ya haura katangar wani ɗakin ibada ya kwance ta, wani tsoho mai kula da wurin ya biyo shi da gudu yana kuka. Baƙi su yi ta ƙyaƙyatawa. Maxine ma ta sha yin dariyar, har ta girma ta fara tunanin tsohon.

Da Arvo ya rasu, ƙararrawa ta faɗo hannunta. Ta naɗe ta a tsohon bargo ta tura bayan injin wanki a ɗakin ƙasa. Ba ta iya yarwa, ba ta kuma iya kallo. Abin ya ƙara yi mata nauyi da ɗanta ya auri Janice, wadda kakanninta daga Japan suka zo. Duk zuwan da za su yi, sai Maxine ta hana jikokinta sauka ɗakin ƙasa, ta ce matakalar ba ta da kyau.

Ƙanenta Dwight ne ya tono zancen. Tsohon direban babbar mota ne, tun da ya ajiye aiki ba ya wuce shirin nan na talabijin da mutane ke kai kayan gado masana su faɗi asalinsu da darajarsu. Da ya ji masu shirin za su zo Minneapolis, ya nema musu tikiti bai ko shawarce ta ba, aka kuma dace.

"Ke dai ɗauko ta kawai," in ji shi. "Kina zaune kan arziki kamar kaza kan ƙwai, ba ki ƙyanƙyashe ba, ba ki bari an soya ba."

Da farko ta ƙi. Daga baya ta ga shekaru sun ja, in ta mutu 'ya'yanta ne za su gaji abin kunyar. In masanan sun karanta rubutun suka gane wane ɗakin ibada ne, ai sai ta mayar wa masu shi. Ba ta faɗa wa Dwight wannan ba, don ta san zai yi ta mita har su isa.

Ranar da suka isa Minneapolis, zauren da ake shirin ya cika maƙil. Wannan ya rungumo agogon bango, waccan ta turo kujera a keken guragu, wani dattijo kuma yana ta goge wa dokin katako ƙura da hannun rigarsa. Bayan doguwar jira aka nuna musu teburin kayan Asiya. Matar da ke zaune a wurin mai furfura ce, da tabarau rataye a wuya, an rubuta sunanta a gabanta: Nakagawa. Maxine ta gane sunan mutanen Japan ne. Da ba don Dwight ya tare hanya da ƙaton cikinsa ba, da ta juya.

Matar ta warware bargon, ta juya ƙararrawar, ta haska cikinta da 'yar tocila, sannan ta tambayi yadda aka yi ta zo hannunsu. Dwight ya gyara murya zai fara kwaskwarima, Maxine ta tari numfashinsa. Ta faɗi labarin yadda Arvo yake faɗa, da katangar da tsohon da kukansa, ba ta rage komai ba. Matar ta daɗe tana kallonta, sannan ta tashi ta yi magana ƙasa-ƙasa da wani mai riƙe da waya. Ya zo ya ce suna so su ɗauke su a kyamara, in sun yarda.

A ɗakin jira, wata na shafa musu hoda a goshi, Dwight sai murmushi yake. Ya ce ba a kunna wa mutum fitilun ɗaukar hoto don tarkace. Maxine kuwa tunaninta yana Duluth: matan coci, maƙwabta, da Janice zaune gaban talabijin da yara. Duk da haka ba ta fasa ba.

Da aka kunna fitilu ta sake maimaita labarin. Madam Nakagawa ta saurara har ƙarshe, sannan ta kifa ƙararrawar ta nuna ɗan ƙarfen da ke lilo a ciki. Ta ce ta ɗakin ibada ba ta da wannan, daga waje ake bugunta da itace. Ta bi da yatsa kan wani layi da ya ratsa gefen, ta ce nan ne bakin mazubin da aka zuba narkakkiyar tagullar a ciki ya haɗu, irinta da yawa aka riƙa zubawa ana jerawa a rumfunan bakin tashar jirgi, sojoji na saya su kai gida. Rubutun kuma fatan alheri ne kawai ga matafiyi, a sauka lafiya. Kuɗinta yau zai saya wa mutum biyu abincin rana, in ba su ci da yawa ba.

Maxine ta ce, "To tsohon fa?"

"Madam, ban san duk abin da mahaifinki ya yi a rayuwarsa ba," in ji matar a hankali. "Amma wannan ƙararrawar ba a taɓa rataye ta a ɗakin ibada ba. Tsaraba ce. Saya ya yi."

Maxine ta sa hannu ta rufe bakinta. Dariya ce ta fara zuwa, hawaye suka biyo, hoda ta jiƙe. Ta kama hannun matar ta riƙe tana godiya, har mai kyamara ya leƙo ya ga ko ta ji farashin daidai.

A hanyar komawa suka tsaya wani ɗan gidan abinci a bakin titi. Dwight ya ɗaure fuska, yana juya cokali cikin kofi, ya ce ya riga ya zaɓi kwalekwalen kamun kifin da zai saya. Can ya ɗago ya ce, "Ashe Baba maƙaryaci ne."

"Gara maƙaryaci da ɓarawo," in ji ta.

Ya yi tsaki, sai kuma ya tambaye ta ko ta tuna kifin da Baba ya ce ya ja kwalekwalensa har gaɓar Kanada. Ita kuma ta tuno masa da tabon hannunsa, wanda ya ce na harsashi ne, alhali mahaifiyarsu ta ce murfin gwangwani ne ya yanke shi. Suka yi ta tonowa ɗaya bayan ɗaya, har mai kawo abinci ta zo ta tambaya ko lafiya. Maxine ta cinye nata, ta ja rabin na Dwight ta ƙara.

Da suka koma mota ta kwantar da kujera ta ce zai iya kunna rediyonsa. Kafin su fita daga garin barci ya ɗauke ta, ba ta farka ba sai da suka shiga Duluth.